Mai Raɗa a Bayan Labulen Hagu

Shekara talatin da biyu ta yi a kan benci ɗaya, a bayan labulen hagu na zauren wasan kwaikwayo, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa tafa mata ba. Ba a taɓa sa ta a fosta ba. Mai sharar zauren ma an kira shi gaban jama'a ranar da ya ajiye aiki, aka ba shi agogon bango. Ita kuwa in wasa ya tashi, 'yan wasa suka jeru suna rusuna wa 'yan kallo, tana can cikin duhu tana tattara takardu. Kuma duk cikin masu rusunawar nan babu wanda ba ta taɓa tsamowa daga rami ba.

Aikinta tuni ne. In ɗan wasa ya manta maganarsa a kan dandali, ita ke raɗa masa. Shi ya sa ake kiranta Mai-raɗa, har yawancin 'yan ƙungiyar ba su san tana da wani suna ba. Kayan aikinta littafin wasa ne, da jan biro, da 'yar tocila da ta naɗe wa baki da tsumma don kada haske ya leƙa waje.

Wanda bai sani ba zai ce ai karatu ne kawai, kowa ma zai iya. Ƙarya yake yi. Shiru a kan dandali iri biyu ne. Akwai wanda aka shirya, ɗan wasa ya dakata don magana ta shiga jikin mutane, wannan tana ja masa layi da jan biro tun wurin gwaji, layi ɗaya numfashi ɗaya, layi uku numfashi uku. Akwai kuma shirun mantuwa, shi babu mai rubuta shi. A jikin mutum take gane shi. Wani wuyansa ke sandarewa, wani ya hau sosa kunne, wata kuma ta fara juya zobe. Da ta gani sai ta jefa kalmar farko kawai, da muryar da za ta kai kunnen ɗan wasa ta mutu kafin ta isa kujerun gaba. Sauran zancen shi zai biyo da kansa, mutum ya ci gaba da fankama kamar bai taɓa tuntuɓe ba.

Ba bencin ta zo nema ba tun asali. Tana da shekara sha tara ta shiga ƙungiyar, aka ba ta fitowa a matsayin ma'aikaciyar jinya, jimla biyar kacal. A ta uku kanta ya ɗauke. Tsohon da ke tuni a lokacin ya fita shan taba. Ta tsaya da faranti a hannu, mutum ɗari biyu suna kallonta, ta lalubi magana a bakinta babu, a kanta babu. Ba kunyar ce ta fi cin ranta ba. Ji ta yi ita kanta babu ita, mutanen nan wani fili suke kallo wanda ba kowa a ciki. A ranta ta ce ashe haka mutuwa take, kana nan tsaye amma an ɗauke ka. Tsoron nan bai taɓa sakinta ba. Mako na zagayowa ta ce a ba ta bencin tsohon, ta kuma rantse muddin tana numfashi ba wanda zai ƙara tsayawa a inda ta tsaya.

A nan ta haɗu da kafintan ƙungiyar, mai yi musu ƙofofin da ba sa kaiwa ko'ina da tagogin da ke kallon bango. Mutum ne mai sanyin baki. Kafin ya fitar da kalma sai ya auna ta ya sake aunawa kamar zai yanka katako mai tsada. Wata rana ya same ta tana feƙe fensir, ya daɗe yana murza hular kansa.

"Dama," ya ce, "na ce ko... wato in ba damuwa..."

"Aure?" ta ce. "Na yarda."

'Yan ƙungiya suka yi shekaru suna ba da labarin suna dariya. Suka ce Allah ya haɗa, shi ya fara ita ta ƙarasa. Haka kuwa aka zauna. In ya ce, "Gobe ina ganin..." ta ce, "Za a yi ruwa, na kwashe shanya." In ya ce, "Maganar yarinyar nan..." ta ce, "Na riga na je makarantar." Sun haifi 'ya ɗaya, ta tashi tana jin wannan kullum, har wata rana tana budurwa ta kasa haƙuri.

"Umma, don Allah ki bar Baba ya ƙarasa mana."

"Me zai faɗa da ban sani ba?"

Gaskiyar magana, sau tara cikin goma daidai take faɗa. Na goman ne kafinta yake ɗan buɗe baki, ya dube ta, ya mayar ya rufe, ya ɗauki abin awonsa ya fita. Ba wanda ya taɓa lissafa yawan na goma-goman nan a cikin shekara talatin.

Ana nan sai aka kawo wa ƙungiyar sabon darakta, yaro ne da bai kai 'yarta a haife ba, da ɗan gemunsa da gilashin da ba na ciwon ido ba. Ya zo da wasan mutum biyu, wani tsoho da maƙwabcinsa suna hira a bakin ƙofa, a ƙarshe tsohon ya tambaya ko akwai wanda zai tuna an yi shi. Bayan tambayar akwai shiru. Mai-raɗa ta ja layi uku. Ranar gwajin ƙarshe ba ta zo ba, ta raka mijinta asibiti awon jini, don ya kwana biyu yana jiri. A ranar darakta ya canza shawara, ya ce shirun ya kai minti ɗaya cur. Ya faɗa wa 'yan wasan biyu. Ya faɗa wa mai fitilu. Har mai jan labule an faɗa masa. Ita ce ba wanda ya tuna da ita, don ai ba a yi wa benci bayani.

Ranar buɗe wasa, da yamma, zaure ya cika. Tsohon ya yi tambayarsa. Ta ƙirga uku, maƙwabci bai ce komai ba. Huɗu, biyar. Ta duba wuyansa ba ta ga alama ba, amma zufa ta riga ta keto mata. Ta raɗa. Bai ɗauka ba. Ta ƙara murya, ya yi kamar dutse. A karo na uku ta faɗa da ƙarfin da na kujerar baya ma ya ji, wani ya kwashe da dariya, zauren duka ya ɗauka.

Darakta ya same ta a bayan labule yana huci.

"Anti, kin kashe mini wasa! Wata biyu ina gina shirun nan!"

"Wa ka faɗa wa?" ta ce. "Ga littafi, nuna mini. Layi uku ka ce, layi uku na ja. Duba nake yi da zan san abin da ke cikin kanka?"

"Ko ba a faɗa miki ba, ba ki ji a jikinki cewa shirun yana magana ba?"

"Shiru yana magana! Ka ji mini ɗan nan. Ka taɓa tsayawa a can bakinka ya mutu? Tun ba a yaye ka ba nake rufa wa manyanka asiri a wurin nan."

"To daga yau ba ma buƙata. Wanda bai haddace ba ya koma gida."

Ta juya ta dubi 'yan wasan. Wanda ya fito a tsoho, shekara ashirin tana ciyar da shi magana a baki, ya duƙa yana neman takalminsa. Sauran kowa ya sami abin da zai kalla a ƙasa. Wannan ya fi korar yi mata zafi. Ta ɗauki tocilarta da jan bironta, ta yi ƙwafa, ta fita ta ƙofar baya inda ta saba fita. Har gida tana tafe tana ba daraktan amsoshin da ba su zo mata a kan lokaci ba.

Wata ɗaya ta yi tana tafasa. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ji labarin layi uku. Ba ta huce ba ranar da aka zo da safe aka ce kafinta ya faɗi a shago, zarto a hannunsa. Jini ne ya hau, ɓarin dama ya shanye. Da ya farfaɗo idonsa ya san kowa, kunnensa yana ji, amma magana ta tafi. Sai ya buɗe baki, leɓe ya yi ta rawa, wuyansa ya sandare, babu abin da ke fita.

Mai-raɗa ta ga wuyan nan ta gane shi. Mijinta ne a ramin da ta rantse a kai, kuma ba na minti ɗaya ba.

Asibiti suka haɗa shi da wata malamar koyon magana, mace mai haƙuri, da jakar hotuna. Ta ɗaga hoton kofi. Kafinta ya yi ta kokawa da leɓensa.

"Ko..." in ji Mai-raɗa a hankali daga gefe.

"Mama, ki bar shi," malamar ta ce. "Sai ya nemo da kansa sannan hanyar za ta buɗe. Ko minti biyar zai yi, a jira shi. Watannin farkon nan su ne na samu, in suka wuce abin yana wuya."

"Minti biyar? Kin san minti biyar kuwa? Ke aikinki ki zuba wa mutum ido yana nutsewa?"

"Ba nutsewa yake ba, nema yake."

Mai-raɗa ta ja tsaki. Wata kuma ta zo koya mata darajar shiru, ita ma ba ta kai 'yarta ba. Ta ce a ranta duk bakinsu ɗaya, masu ilimin barin mutum a wulaƙance.

Da aka sallame su ta yi abin da ta iya. Ta sayi sabon littafi ta rubuta wa mijinta wasa. Shafin safe, shafin abinci, shafin magani, shafin baƙi. Ta ja benci ta ajiye ta hagun gadon, can wajen kai, inda mai shigowa ba zai lura da bakinta ba. Masu dubiya kuwa ba su yanke ba, 'yan'uwa, maƙwabta, kafintoci, har 'yan wasan nan marasa kunya sun zo da ledar lemo. Kowa tambayarsa ɗaya.

"Malam, ya jiki?"

Sai ta raɗa, "Da..."

"Da... sauƙi," in ji kafinta.

"Mun..."

"Mun... gode... Allah."

Sai a yi ta murna. Kai, jiki ya yi kyau! Ai baki ya buɗe! Su kuma abin da suka zo ji ke nan, don ba wanda ke zuwa dubiya da niyyar a gaya masa gaskiya. A ba su kalma biyun nan su shafa addu'a su tafi da zuciya sakayau. Mai-raɗa takan raka su ƙofa tana jin daɗin da ta daina ji tun ranar da aka kore ta. Ga amfaninta, ga shi kowa ya gani.

Abu ɗaya ne ba ya cikin littafin. In ɗaki ya yi shiru, kafinta yakan kafe ta da ido ya ce, "Ni..." Ya tsaya. Ita kuma ta miƙa masa, "Ni dai na gaji da kwanciya." Ko, "Ni ruwa nake so." Wani lokaci ya maimaita, wani lokaci ya juya fuska bango. Ta ɗauka gajiya ce.

Wata biyar aka yi haka. Ranar komawa asibiti 'yar ce ta kai shi, don Mai-raɗa ta ce ba ta son ganin mai hotunan nan. Suka dawo da azahar, 'yar ta kwantar da uban, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ko mayafi ba ta cire ba.

"Umma, kin san abin da aka ce? Babu abin da ya ƙaru. Ko kalma ɗaya. In aka fara masa zai ƙarasa, in ba a fara ba, ba shi da ta kansa. Malamar ta tambaye ni wa ke ba shi magana a baki a gida. Na rasa inda zan sa kaina."

"Sai ki ce mata matarsa ce. Wa ke juya shi? Wa ke wanke shi? Ita ce?"

"Ba wanda ya ce ba kya wahala."

"To me kuke so da ni? A can an ce na kashe wasa, a nan ma na kashe? In bar ubanki yana zare ido gaban baƙi suna tausaya masa kamar wani abin kallo? Wallahi ba a gidan nan ba!"

"Aku kika mayar da shi, Umma."

Ta miƙe za ta mare ta. 'Yar ba ta matsa ba. A nan kafinta ya ce, "Ni..."

Duka biyun suka juya. Bakin Mai-raɗa ya riga tunaninta. "Ni ba na son hayaniya," ta raɗa. "Kin ji, ubanki ya ce..."

Littafin yana kan gado kusa da hannunsa na hagu, mai lafiyar. Ya damƙe shi ya yi jifa da shi. Ya bugi kwanon magani, ƙwayoyi suka watse a ƙasa. Mutumin da shekara talatin bai taɓa ɗaga mata murya ba, ga shi fuska ta yi baƙi, jijiyar goshi ta tashi, yana dukan katifa da tafin hannu.

"Ni! Ni!"

'Yar ta ɗauko bencin daga wajen kai ta dire shi a gaban gadon, daidai fuskarsa. "Zauna nan inda zai gan ki. In kika ce uffan zan ɗauke shi in kai shi gidana, na rantse."

Ta zauna, ba don ta yarda ba. Ranta in ya yi dubu ya ɓaci. Haushin 'yar take ji, da na malamar, da na mijin da ya tozarta ta bayan duk abin da ta yi masa. Ya buɗe baki. Leɓen ya fara rawa. Nan da nan jimloli suka cika mata baki, uku, huɗu, kowace a shirye. Ta kama gefen ɗankwalinta ta cusa a baki ta cije.

Babu abin da ta taɓa yi mai wuyar wannan. Fanka tana juyawa. A waje wani yana ta danna hon. Miyau ya gangaro ta gefen bakinsa da ya karkace, ta kai hannu za ta share, ya kawar da kai. Zufa ta jiƙa mata baya. Ta ji kamar ta tashi ta fasa taga, ko ta yi ihu, ko ma mene ne dai a ji wani sauti a ɗakin. Ta ƙara cije tsumman har haƙoranta suka yi tsami.

"Tso..." ya ce. Ya rufe ido. Ya buɗe. "Tsoro."

Ba ta motsa ba.

"Ni... tsoro... nake ji."

'Yar ta toshe bakinta da hannu. Shi kuwa bai gama ba. Ya ɗaga yatsun hagu guda biyar, ya nuna ƙirjinsa, sannan ya nuna ta. Kowace kalma sai ya yi kamar mai zare tsohuwar ƙusa kafin ta fito.

"Wata... biyar. Tsoro. Ke... kina... da sauƙi. Da sauƙi. Da sauƙi."

Ya faɗe ta sau uku, da irin muryar da take raɗa masa, hawaye suna bin kuncinsa. Maganar ta doke ta fiye da mari. Ashe duk watannin nan yana kwance shi kaɗai da abin da ke cinsa, ita kuma tana zaune a kansa tana sa shi yana yi wa mutane ƙarya da bakinsa.

Ta san abin da ake cewa a nan. Haba Malam, daina faɗar haka, ai ka warke, Allah na nan. Kowa ya haddace shi, kuma da ta faɗa da an rufe zancen. Akwai ma wata amsar a ƙasan wannan, mai zafi, ta kare kai, don har yanzu zuciyarta ba ta sauka ba. Ta zare ɗankwalin daga bakinta, ya jiƙe sharkaf. Ta haɗiye ta farko, ta haɗiye ta biyu.

"Tsoron me, Malam?" ta ce.

Sai da ta faɗa ta ji baƙuncin abin a bakinta. Ta laluba a ranta ko ta san amsar, ta ga ba ta sani ba. Mutuwa ce, ko kwanciyar, ko wani abu da ya daɗe yana ɗauke da shi tun yana da ƙafa da baki, ba ta da masaniya ko kaɗan. Shekara talatin tana kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan.

Kafinta ya daɗe yana kallonta, kamar yana jira ya ga ko za ta amsa wa kanta. Da ya ga ba ta yi ba, sai ya ja numfashi, ya buɗe baki, leɓensa ya soma rawa. Ta mayar da tsumman bakinta, ta matso da bencin.